Darasi na 9: Cin Dare da Rage Ƙiba

Abin da darasin ya ƙunsa

Akwai tambayar da ba a rasa mai yin ta a ajin manya, musamman wanda likita ya ce wa ya rage nauyi saboda hawan jini, ko ciwon sukari, ko gwiwar da ta fara ciwo idan an taso daga sujada: "Malam, wai cin dare ne ya hana tumbina sauka?" Wasu sun ji an ce duk abin da ya shiga ciki bayan ƙarfe 8 na dare kitse yake zama. Wasu kuwa cewa suke ciki bai san agogo ba, abin da ka ci shi ka ci. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai wata ta fi wata nauyi. A wannan darasi za mu ga abin da likitoci suka gano, mu yi ɗan lissafi da alƙalami, sannan kowa ya juya ya dubi gidansa.

Yaushe ake cin tuwo a Kawaji?

Kawaji ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Nassarawa, tana jingine da Dakata da 'Yankaba. Akasarin magidantanta a waje suke neman abinci: wani a masana'antun Dakata da Bompai, wani a kasuwar kayan miya ta 'Yankaba, wani a Sabon Gari ko Singa ko Kantin Kwari, wani kuma yini yake a kan adaidaita sahu. Wannan ya shafi darasinmu kai tsaye, domin a gidaje da yawa lokacin da mai nema ya dawo shi ne lokacin da ake zama cin abinci.

A zamanin iyayenmu tsarin a bayyane yake. Ana ɗora sanwa da la'asar, a tuƙa tuwo kafin magariba, a ci tsakanin magariba da isha'i. A Kano rana tana faɗuwa ne tsakanin kusan ƙarfe 6 da 7 duk shekara, saboda haka zuwa 8 da rabi an wanke hannu, an rufe kwanon ɗumame. A ɗan taɓa hira, yara su yi tatsuniya, a kwanta. Daga nan ciki ba ya sake ganin komai sai koko da ɗumame da safe. Idan kuka ƙirga, awa 10 zuwa 11 ke nan ciki yana hutawa.

Yau abin ya sauya. Gida da yawa ba a ɗora tukunya sai maigida ya kawo cefane, shi kuwa bai samu kuɗin cefanen ba sai da ya yi cinikin yamma. Ya biyo cunkoson titin Haɗeja, ya iso bayan magariba, sannan za a aiki yaro niƙa, a hura gawayi. Tuwo ya sauka ƙarfe 9 ko 10. Babu laifin uwargida a nan, babu na maigida, halin rayuwa ne. Ga zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba, kowa na zaune a ƙofar gida yana neman iska. Ga waya a hannu. Ga gidan kallon ƙwallo, inda manyan wasannin Turai na tsakiyar mako ke farawa ƙarfe 8 ko 9 na dare agogon Najeriya, a tashi 10 ko 11.

Wanda ya kai 11 na dare idonsa biyu, yunwa za ta sake taɓa shi ko da ya ci tuwo. A nan teburin mai shayi yake shigowa. Ku tsaya wata rana ku kalli aikin da ake yi a kansa. Kasko na kan wuta, mai shayi ya tsiyaya mai daga jarka ba awo, ya fasa ƙwai a kofi, ya yanka albasa da attaruhu ya kaɗa.

"Alhaji, indomin guda nawa? Ƙwai fa?"

"Biyu-biyu. Ka haɗa mini shayi mai kauri, ka yanko burodi."

A shayin akwai madara, akwai sukari cokali 3 ko 4. Can gefe ga mai tsire da gurasa ana yayyafa musu man gyaɗa. Cikin gida ma haka ne: ragowar taliya da manja, ko soyayyen dankali, ko lemon kwalba mai sanyi idan an kawo wuta. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutumin nan ya riga ya ci abincin darensa a gida. Wannan na biyu ne.

Jiki yana da agogonsa

Masu cewa ciki bai san agogo ba sun yi kuskure a wuri ɗaya. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da tsarin lokaci na awa 24, wanda hasken rana da duhun dare ke daidaitawa. Shi ne ke sa zafin jiki ya ɗan sauka da dare, barci ya zo, mutum ya farka da asuba ko ba a tashe shi ba. A shekarar 2017 aka ba wasu masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda sun gano yadda wannan agogo yake aiki a cikin ƙwayoyin halitta.

Inda abin ya shafe mu shi ne sukari. Tuwo, shinkafa, burodi, taliya, duk idan sun narke sukari suke zama su shiga jini. Sai jiki ya saki wani sinadari mai suna insulin, wanda ke kwashe sukarin daga jini ya kai shi inda za a yi aiki da shi ko a adana. Da safe wannan aiki yana tafiya da hanzari. Da dare kuwa, lokacin da jiki ya fara shirin barci, sai ya yi nawa. Malmala ɗaya ce, miya ɗaya ce, amma sukarin da za ta bari a jini da ƙarfe 10 na dare ya fi wanda za ta bari da rana yawa, ya kuma fi daɗewa.

An gwada an gani. A 2020, masana a jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka sun ɗauki mutum 20 masu lafiya, maza 10 mata 10, suka ba su abincin dare iri ɗaya, wata rana ƙarfe 6 na yamma, wata rana ƙarfe 10 na dare, kowace rana su kwanta 11. Ranar da suka ci a makare, sukarin jininsu ya haura da kimanin kashi 18 cikin 100 fiye da ɗaya ranar, kitsen da jikinsu ya ƙona cikin dare kuma ya ragu da kimanin kashi 10.

Shekara biyu bayan haka, a 2022, wani asibiti a birnin Boston mai suna Brigham and Women's ya yi gwajin da ya fi wannan tsanani. Mutum 16 masu ƙiba aka ajiye a asibitin ana auna komai nasu. Abinci ɗaya, barci ɗaya, sai dai a ɗaya daga cikin zagaye biyu na gwajin an jinkirta kowane ci da awa 4. A zagayen jinkirin sun fi jin yunwa, sinadarin da ke shaida wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi ya ragu a jininsu, ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa ya sauka da kimanin kalori 60 a yini. Kalori ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ku rubuta lambar nan, 60, a gefen littafinku, za mu buƙace ta.

Yawan abinci ne kan gaba

Da a nan maganar ta tsaya da sai mu ce masu tsoron ƙarfe 8 sun yi nasara. To amma a cikin wannan shekara ta 2022, jami'ar Aberdeen da ke Birtaniya ta fito da nata sakamakon. Mutum 30 masu ƙiba aka auna wa abinci aka rage musu shi. Mako 4 suna cin mafi yawansa da safe, wani mako 4 suna cin mafi yawansa da yamma. Aka hau sikeli: kowane tsari ya sauke kilo 3 da 'yan kai, babu wanda ya fi wani. Bambanci guda aka samu, lokacin da suke cin karin kumallo mai nauyi sun fi samun sauƙin yunwa a cikin yini. Kada ku raina wannan, domin yunwa ce ke karya niyyar mai rage ƙiba tun kafin wata ya zagayo.

Tun a 2013 an bi mutum 420 masu rage ƙiba na tsawon mako 20 a yankin Murcia na ƙasar Sifaniya, inda babban abincin mutane shi ne na rana. Waɗanda ke ci kafin ƙarfe 3 sun sauke kusan kilo 10, masu ci bayan 3 sun sauke kusan kilo 8. Ku lura da kyau, duka sun ragu. Masu jinkirin ma sun ragu, tafiyarsu ce ta yi nawa.

Jiki tamkar rumbu ne. Muddin abin da ake zubawa ya fi abin da ake ɗiba, zai cika, ko da rana aka zuba ko da dare. Lokacin ci yana da tasiri, amma ƙarami ne idan aka jera shi da yawan abin da aka ci.

Mu ɗauki alƙalami

Babbar mace tana buƙatar kimanin kalori 2,000 a yini, namiji kimanin 2,500. Wannan matsakaici ne: mai dakon buhun albasa a 'Yankaba ya fi mai zaman shago buƙata nesa ba kusa ba. Ga kiyasin abin da Alhajin can ya saya a teburin mai shayi:

Ƙaramar indomi 2: kimanin 650
Ƙwai 2: kimanin 150
Mai, babban cokali 2: kimanin 240
Shayi da madara da sukari: kimanin 150
Burodi, yanka mai kauri: kimanin 200

Ku tara. Za ku samu 1,390. Ya haura rabin abin da namiji ke buƙata a yini guda, kuma a kan tuwon da ya riga ya ci aka ɗora shi. Yanzu ku raba 1,390 da 60 ɗin da kuka rubuta ɗazu. Ya fi ninki 20. Jinkirin awa 4 ya jawo asarar kalori 60, farantin dare na biyu ya ƙaro kusan 1,400. Ku dubi layin mai musamman. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, giram ɗaya na garin tuwo ko sukari kuwa 4 ne, shi ya sa cokali 2 na man da ba a ko ganinsa a faranti ya fi ƙwai 2 kalori.

A ganina, ga mutumin Kawaji, tuwon dare bai cancanci zargin da ake yi masa ba. Abin da ake ci bayan tuwon, shi ne ke tara teɓa. Kuma dare yana da irin abincinsa. Da wuya ka ga wanda ya tashi ƙarfe 11 yana neman kwaɗon zogale. Mai gajiya soyayye yake so, da zaƙi, da maiƙo, ya ci yana kallon waya ko talabijin bai san lokacin da ya ƙoshi ba. Da safe ya tashi ciki a cushe, ya ƙi karin kumallo. Da rana ya ɗan taɓa wani abu a tsaye. Dare na yi yunwa ta taso masa gaba ɗaya, ya sake maimaita na jiya. Haka ake yi har riga ta daina shiga.

Azumi ya isa shaida

Wata guda a kowace shekara duk cinmu da dare muke yi. Da cin dare kaɗai ne ke sa ƙiba, da babu wanda zai fita Ramadan bai ƙara nauyi ba. Amma binciken da ya tattara sakamako daga ƙasashe da dama ya nuna masu azumi, a matsakaici, suna sauke kilo 1 zuwa 1 da rabi, kuma yawanci nauyin yana dawowa cikin 'yan makonni bayan Sallah. Duk da haka kowa ya san wanda ke fitowa daga azumi ya fi da kumatu. Ku dubi tabarmar buɗa-bakinsa: kunun tsamiya da sukari, ƙosai, soyayyar doya da ƙwai, zoɓo mai zaƙi, bayan asham tuwo, kafin a kwanta shayi, da sahur shinkafa. Maƙwabcinsa da ya buɗe baki da dabino da ruwa da kunu, ya ci tuwo sau ɗaya, ya yi sahur daidai, shi ne wandonsa ke yi masa yawa ranar idi. Dare ɗaya suka ci, yawan ne ya raba su.

Barci

Cin dare da ƙarancin barci tare suke tafiya, kuma ƙarancin barci da kansa yana buɗe ciki. A 2022 jami'ar Shikago ta ɗauki mutum 80 masu nauyi fiye da ƙima, waɗanda barcinsu bai kai awa 6 da rabi ba. Rabinsu aka ba su shawarar yadda za su ƙara barci, ba a ce musu komai a kan abinci ba. Barcinsu ya ƙaru da awa 1 da 'yan mintoci, abin da suke ci kuma ya ragu da kimanin kalori 270 a yini. Mu da ke tashi sallar asuba wajen ƙarfe 5, wanda ya kwanta 12 awa 5 kawai ya samu. Malamai sun daɗe suna karantar da mu cewa ba a son doguwar hira bayan isha'i ba tare da buƙata ba. Lafiyar jiki ma abin da take nema ke nan.

Sannan kwanciya da cikakken ciki tana tayar da ƙwannafi, ruwan ciki mai tsami ya hauro maƙogwaro ya hana barci. Saboda haka likitoci ke cewa a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin ƙarshe da kwanciya.

Abin da za a iya yi

Gyara na farko ba ya cin ko kwabo: a daina ci na biyu. Wanda ya saba zama wurin mai shayi saboda hira, ya zauna abinsa, ya sha shayi ba madara da sukari cokali 1. Idan yunwar gaske ce, kokwamba, ko yankan kankana, ko lemon zaƙi, ko gyaɗa cikin tafin hannu, ko kindirmo ba sukari sun wadatar.

Na biyu a hannun maigida yake. Idan hali ya yi, a riƙa barin cefanen gobe tun yau. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da garin tuwo ba sa lalacewa a kwana ɗaya. Kuma akwai matan da ke zaune da yunwa har 10 na dare saboda kunya ko ladabi, suna jiran maigida. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa: "Hajiya, ke da yara ku riƙa ci bayan magariba, kada ku jira ni." Wanda ya ci bayan magariba ya taka zuwa masallaci sallar isha'i, ya haɗa abu biyu masu amfani, domin 'yar tafiya bayan ci tana taimaka wa jiki ya sauke sukarin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako.

Wanda dole sai 10 zai ci, ya rage. Malmala 1 maimakon 2, miya mai ganye da yawa, mai kaɗan, ruwa maimakon lemon kwalba. Nauyin abincin ya koma safe da rana. Masu aikin dare, irin su masu gadi, ma'aikatan jinya, direbobin dogon zango da masu kwana a masana'anta, su ci babban abincinsu kafin su kama aiki, tsakar dare su taɓa abu mara nauyi, idan sun tashi su ɗan karya kafin su kwanta.

Waɗanda za su yi hattara

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin sauke sukari kada ya bar abincin dare da ra'ayin kansa. Sukari na iya faɗuwa cikin barci, da gumi da rawar jiki da jiri, har a suma. Ya fara shawartar likitansa. Mai juna biyu, mai shayarwa, yara masu tasowa da mai gyambon ciki, wannan darasi bai ce su kwana da yunwa ba. Haka kuma akwai gidajen da abincin daren nan shi ne kaɗai abin da aka samu a yinin. Su ci abinsu ko ƙarfe nawa ne, Allah ya buɗa.

Ku guji shayi da ƙwayoyin rage tumbi da ake tallatawa a waya da bakin kasuwa. Da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitse na nan. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe su ma haɗari ne, wasunsu suna kumbura jiki su jawo hawan jini da ciwon sukari. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba dalili, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari da ya ƙi ƙarewa, ba abin murna ba ne. Ya je a duba shi. Asibitin Sir Muhammadu Sanusi na 'Yankaba yana kusa da mu, ga kuma asibitin Muhammad Abdullahi Wase da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.

Wa ya kamata ya rage?

Mun taso muna ganin ƙiba alamar hutu ce, a ce wane ya yi kyau ya murje. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta zama cuta, kuma kitsen tumbi ya fi kowane kitse haɗari ga zuciya da sukarin jini. Ga gwaji mai sauƙi. Ku sami igiya ku auna tsawonku daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ku yanke. Ku ninka ta biyu, ku zagaya ta a cikinku, ɗan sama da cibiya, ba tare da kun shanye ciki ba. Idan bakin biyu sun haɗu, madalla. Idan sun kasa haɗuwa, ƙugunku ya wuce rabin tsawonku, lokacin gyara ya yi. Wannan gwaji na manya ne, ban da masu juna biyu.

Tambayoyi

1. Me ya sa malmala ɗaya ke barin sukari a jini da dare fiye da rana?
2. A gwajin Aberdeen, me ya zo daidai a tsarin biyu, me ya bambanta?
3. Idan Alhajin ya bar indomi da ƙwai da mai da burodi, ya sha shayin kawai, kalori nawa ya rage a dare ɗaya? Nawa ne a kwana 7?
4. Ku tattauna: me ke jinkirta abincin dare a gidajenku, kuma wanne ne cikin dalilan za a iya gyarawa ba tare da ƙarin kuɗi ba?

Aikin mako

Kowa ya ja layi 3 a takarda. A na farko ya rubuta lokacin da ya ci abincin dare, a na biyu duk abin da ya ci ko ya sha bayan haka, a na uku lokacin da ya kwanta. A yi haka kwana 7, a rubuta gaskiya ko da shayi kofi ɗaya ne. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna, ɗansa ko abokin karatunsa ya taimaka masa. Ku zo da takardar da igiyar a zama na gaba, da su za mu shiga darasin karin kumallo.